Shin Allurar Rigakafin Yara Ta Saɓa Wa Tawakkali?

Bayan Asuba wani magidanci a nan Tudun Kaya ya tare ni: "Malam, yaro lafiyarsa ƙalau, don me za a tsira masa allura?"

Sheikh Bin Baz (rahimahullah) ya halatta neman kariya tun kafin cuta ta sauka, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon Ajwa bakwai da safe. Sayyidina Umar (RA) ma da ya ji annoba a Sham, juyawa ya yi da sahabbai. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali?

Na san gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya bar mana ciwo a zuciya. Amma mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yaran da ba a yi wa allura ba ya fi kamawa.

Penta, mai kare mashaƙo, sau uku ake yinta: sati 6, 10 da 14. Ta ƙyanda kuma wata 9. Inda muke kuskure, uwa ta kai sau ɗaya, yaro ya kwana da zazzaɓi, shi ke nan maigida ya hana komawa. Alhali zazzaɓin kwana ɗaya ne ko biyu.

Maigida, yau ka karɓi katin yaronka ka duba da kanka. Wallahu a'alam.