Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Zaman Ɗalibi Baƙo a Birnin Alƙahira

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato yadda rayuwar yau da kullum take ga ɗalibin da ya bar gida ya tafi Alƙahira, babban birnin Masar, domin karatu a Azhar. Ta farko daga wani magidanci ce a Zariya, wanda ɗansa ke shirin tafiya, yana tambaya ko yaron da ya sauke Alƙur'ani, ya kuma yi nisa a nahawu a karatun zaure, zai sha wahalar harshe idan ya isa.

Amsar da za a ba Malam ita ce zai sha, aƙalla a watannin farko, domin Larabcin da ake karantawa a littafi, wanda ake kira Fusha, ba shi ne mutanen gari ke yi a kasuwa da cikin mota ba. Nasu shi ake kira Ammiyya, wato karin harshen Misirawa, wanda a cikinsa mutanen Alƙahira ke furta harafin jim da sautin "g", su kuma mayar da ƙaf hamza, ga kalmomi masu yawa da ba a cin karo da su a Ajurumiyya ko Alfiyya. Ɗalibin da ya tsaya gaban mai sayar da burodi ya jero jimla da cikakken i'irabi, za a fahimce shi, wataƙila har a yi masa murmushi, amma amsar da za a mayar masa cikin sauri ita ce za ta gagare shi. Abin bai tsaya a kasuwa ba, don wasu malamai kan karanta matani da Fusha, sa'an nan su yi sharhinsa da Ammiyya. Kafin shiga aji kuma, baƙin ɗalibai kan zauna jarrabawar tantance matsayin Larabci, wanda aka ga da saura a gare shi sai a tura shi cibiyar koyar da harshe, abin da kan ƙara wa tafiyar watanni da iyaye ba su sa a lissafi ba.

A nan ne maganar 'yan gida take shigowa, kuma ita ce mafi nauyi a cikin amsar. Zuwan mutanen wannan yanki Masar tsohon abu ne. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa wa ɗalibansu da alhazansu makarantar Ibn Rashiƙ a birnin, masallacin Azhar kuwa, wanda Faɗimawa suka aza harsashinsa a shekarar 970, a da yana da ruwaƙin Barnawa, wato sashen kwana da karatu da aka keɓe wa mutanen Barno. A yau ma sabon zuwa ba ya rasa mai tarbarsa daga filin jirgi, ya sauke shi a ɗakinsa, ya nuna masa motar da zai hau da ofishin da zai je. Wannan alheri ne babba, sai dai yana da tarko a cikinsa, domin wanda ya kwana da Hausawa, ya ci tuwo da Hausawa, ya yi hirar dare da Hausa, yana iya shekara huɗu ya dawo da takardar shaida alhali bakinsa bai buɗe da Larabci ba. Da gangan ake neman abokin karatu Bamisire ko ɗan Indunusiya ko ɗan Senegal, wanda ba yadda za a yi da shi sai da Larabci.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Maraɗi, tana tambaya game da masauki da kuɗin kashewa. Azhar tana da unguwar kwanan baƙin ɗalibai a Abbasiyya, wadda ake kira Madinatul Bu'us, amma galibi waɗanda suka samu tallafin karatu ne ke samun gurbi a cikinta, sauran kuwa haya suke kamawa, da yawansu a Madinatu Nasar, musamman Hayyul Ashir da Hayyus Sabi'. Duk wata ake biyan haya a can, saɓanin shekara-shekara da aka saba a biranen Nijeriya, kuma kafin a karɓi mabuɗi akwai la'adar simsar, wato dillalin gidaje, da ta'amin, wato kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, ga ɗan abin bawwab, mai gadin bene, wanda zama lafiya da shi rabin zama lafiya ne da gidan. Hajiya kada ta dogara da lissafin wanda ya dawo shekarun baya, domin a watan Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya kwararo da jama'a masu yawa cikin birnin har haya ta tashi. Abinci dai da sauƙi ga wanda ya yarda ya ci na gari, irin su ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas. A sa wa ɗalibi rigar sanyi da bargo a jaka, don daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin dare kan sauko kusan digiri 10, gidajen kuma ba su da abin ɗumama ɗaki.

Ta uku daga wani matashi ce a Kumasi, wanda ya ji ana ambaton iƙama da kuma tsangwamar baƙar fata. Tsangwamar akwai ta, yawanci daga yara da 'yan zaman banza a titi, kuma ɓoye ta ba gaskiya ba ne, kamar yadda shafa wa dukan Misirawa ita ba adalci ba ne. Iƙama kuwa ita ce izinin zama, wanda ɗalibi ke sabuntawa da takardar shaidar makaranta a ofishin shige da fice, wanda aka ɗauke daga ginin Mugamma na dandalin Tahrir aka mayar Abbasiyya a 2019. Aiki ne na sammako da dogon layi da je-ka-ka-dawo, wanda ya bari iƙamar ta ƙare kuwa tara na jiransa, kuma kowane shingen 'yan sanda abin fargaba ne gare shi. Saboda haka ana shawartar mai tambaya ya fara neman sabuntawa tun da sauran lokaci, ya ajiye kwafin fasfo da katin makaranta a aljihu duk inda zai shiga, ya kuma yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa a makon da ya sauka.