Nankarwar da Ba ta Goyon Ciki Ba

A tunanin mutane da yawa, nankarwa abin masu ciki ce da masu jego. Shi ya sa idan ta fito wa yaro ɗan shekara goma sha biyu a cinya, ko ta tsattsage hammatar magidanci, sai gida ya rikice, kowa da irin fassararsa. Mai wannan rubutu, wanda aikinsa ba da magani ne a asibiti, ya fi cin karo da irin wannan nankarwar a kan ta masu haihuwa, domin masu ita ta gaban tagarsa suke wucewa wata-wata da takardar likita a hannu. Mafi yawansu abu guda ya haɗa su: sun daɗe suna shan maganin sitiroyid, ko suna shafa shi.

Nankarwa tabo ce, sai dai daga ciki aka ji raunin. A ƙarƙashin fatar da ido ke gani akwai wani shimfiɗi mai zaruruwan kolajin da elastin, su ne ke ba fata ƙarfi da talewa, kamar robar ƙugun wando. Ciki ko ƙiba ta farat ɗaya kan ja zaruruwan har su tsinke. Sitiroyid kuwa ta wata hanya yake ɓarnarsa: yana hana ƙwayoyin halittar da ke saƙa zaruruwan yin aikinsu, fata ta yi siriri, ta yadda ɗan ja kaɗan ya isa ya tsaga ta. Ga shi kuma yana buɗe ciki, mutum ya yi ta ci, kitse ya taru a tumbi da fuska da doron wuya. Fata ta yi rauni, jiki kuma yana ƙara faɗi, dole ta ba da kai.

Wannan ba ya nufin maganin mugu ne. A 1948 likita Philip Hench ya gwada wani sitiroyid mai suna kotizon a asibitin Mayo na Amurka a kan wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya, kuma a 1950 shi da wasu masana biyu suka karɓi lambar Nobel. Har gobe danginsa irin su prednisolone da dexamethasone suna riƙe da rayukan masu cutar lufus, masu asma mai tsanani, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da yaran da ƙodarsu ke zubar da furotin a fitsari har jiki ya kumbura. Waɗannan yaran suna shan wahalar nankarwa ƙwarai, domin kumburi na jan fata ta waje, magani na rage mata ƙarfi ta ciki.

Irin wannan yaro wata uwa ta kawo ɗakin magani, ƙafafunsa sun sake cika, idanu sun kumbura. Da aka duba katinsa sai aka ga maganin da ya kamata ya ƙare tun makonnin baya yana nan a jakarta kusan rabi. Ta ce, "Likita, ni fa na ga cikin yaron nan yana tsagewa, kakarsa ta ce maganin ne ya fi ƙarfinsa, shi ne na ajiye." Kakar ba ta yi ƙarya ba, maganin ne. Amma ajiyewar ita ce hatsarin da ya fi girma, kuma a nan ne ma'aikatan lafiya suka fi yin sakaci, domin da yawa suna miƙa prednisolone ba tare da sun faɗa wa iyaye abin da za su gani a jikin ɗansu ba.

Dalilin hatsarin shi ne, jiki da kansa yana samar da sinadarin kotisol daga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Idan mutum ya haura makonni uku yana shan sitiroyid, waɗannan halittu sukan rage aiki tun da ana kawo musu daga waje. Aka yanke maganin rana ɗaya, jiki zai wayi gari babu na waje babu na gida. Kasala, amai, jiri, faɗuwar jini, suma, wani lokaci har rasa rai. Saboda haka a hankali ake janye shi, likita na rage adadin mataki-mataki. Wanda ya ga layi ya fara fitowa a jikinsa, abin yi shi ne ya koma wurin wanda ya rubuta maganin ya nuna masa. Likita na da zaɓi: rage adadi zuwa mafi ƙanƙantar da zai riƙe cutar, mayar da mai asma kan na shaƙa maimakon ƙwaya, ko haɗawa da magunguna irin su azathioprine, methotrexate ko hydroxychloroquine, gwargwadon cutar, don a rage dogaro da sitiroyid.

Su waɗancan aƙalla likita ne ya rubuta musu. Akwai rukuni na biyu, wanda a ganin mai wannan rubutu ya fi yawa, na waɗanda suka saya da kuɗinsu ba tare da sun san me suka saya ba. 'Yan mata masu neman cikowa kafin biki suna haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki. Ƙibar da yake kawowa ta fuska da tumbi ce, ga ruwa da ke taruwa a jiki, hannu da ƙafa kuwa sai ƙara sirancewa suke yi. Sai masu man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Cikin irin haɗin da ake kwaɓawa a kwalba marar suna sau da yawa akwai clobetasol ko betamethasone, waɗanda ke sahun gaba wajen ƙarfi cikin sitiroyid na shafawa. Haka ma man nan mai aiki uku da ake saya a kemis don ƙaiƙayin matsematsi ko kurajen ƙunzugun jariri. Hammata, matsematsi da ƙarƙashin nono wurare ne masu siririyar fata da zufa, sun fi tsotse magani, kuma nan ne nankarwar shafe-shafe ta fi fitowa, mai faɗi, mai zurfi, har jijiyoyin jini na bayyana ta ciki.

Wani lokaci kuma ba a sha komai ba, jiki ne ke samar da kotisol fiye da kima. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya bayyana wannan cuta a 1932, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Nankarwarta daban take: faɗinta kan wuce santimita ɗaya, launinta ja-ja ko shunayya, a baƙar fata kuma takan yi duhu fiye da sauran jiki. Idan ta zo tare da zagayayyar fuska, hawan jini, sukari, rikicewar al'ada, wahalar tashi daga tsugune, ko taruwar jini a fata da ɗan bugu kaɗan, to asibiti ake nufa don gwajin jini da fitsari, ba shagon kayan kwalliya ba. Masu shan maganin HIV da ke ɗauke da ritonavir su ma su kula: idan aka haɗa musu da abin shaƙa na fluticasone, ritonavir na hana hanta sarrafa shi, ya taru a jini ya haifar da irin waɗannan alamu. Duk likitan da aka je wurinsa a faɗa masa dukkan magungunan da ake sha.

To, wadda ta riga ta fito fa? Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce babu man da ke goge nankarwa ƙaf. Tana dai disashewa da kanta. Sabuwa mai ja ko duhu, wadda kan yi ƙaiƙayi, cikin watanni zuwa shekara biyu takan koma fara-fara ta kwanta. Lokacin da take sabuwa ne magani ya fi tasiri. Man tretinoin na daga cikin 'yan ƙalilan da gwaji ya nuna suna rage tsawo da faɗinta idan aka jure shafawa na watanni, sai dai yana sa fata bushewa da saɓa, kuma haramun ne ga mai ciki ko mai neman ciki. A wurin likitan fata akwai hujin ƙananan allurai da ke zaburar da fata ta saƙa sabon kolajin, akwai kuma hasken leza. Dukkansu sai an maimaita, suna da tsada, kuma sassauci suke kawowa. Ga baƙar fata leza na iya barin duhun da ya fi nankarwar muni idan ba gwani ya riƙe na'urar ba, wanda kuma jikinsa ke yin tabo mai tudu ya faɗa tun kafin a taɓa shi. Yin ko ɗaya daga ciki alhali ana kan sitiroyid mai yawa zubar da kuɗi ne, domin fatar ba ta saurin warkewa.

Man kaɗanya da man zaitun suna laushin fata, suna kwantar da ƙaiƙayi, musamman da hunturu, kuma ba laifi a shafa. Bincike dai bai nuna man zaitun ko man koko suna hana nankarwa fitowa ba. Abin gudu shi ne kwalbar "maganin nankarwa na kwana bakwai" da ake tallatawa a Instagram da TikTok babu lambar rajista babu jerin abin da ke ciki. An sha kawo irinta ɗakin magani bayan layukan sun ninka, domin idan da sitiroyid a haɗin, zai disashe jan na 'yan kwanaki yana ƙara cinye fatar. Dilka da gurza mai ƙarfi su ma ba na fatar da ta yi siriri ba ne, tana iya fashewa ta zama gyambo.

Nauyin da ke zuci bai kamata a raina shi ba. Akwai ɗalibar kwana da ta daina wanka sai kowa ya kwanta, akwai amaryar da ke tsoron abin da dangin miji za su zata, akwai saurayin da ya bar ƙwallo don kada ya tuɓe riga. Irin waɗannan su ne suka fi ɓoye magani a ƙarƙashin katifa su ce sun sha. Ga budurwa mai lufus da ke shirin aure, yana taimakawa ƙwarai a zo asibiti da uwa ko gwaggo, wani lokaci har da angon, likita ya yi musu bayani da bakinsa cewa layukan ba sa yaɗuwa, ba alamar ta taɓa haihuwa ba ce, sawun maganin da ke kare mata ƙoda ne. Wanda kuma zai daɗe a kan prednisolone ya sha shi da safe bayan karin kumallo, ya rage gishiri da zaƙi, ya riƙa hawa sikeli a duk zuwa asibiti, a kuma duba masa jini da sukari, domin ƙibar da aka tare da wuri tana rage yawan layukan da za su biyo baya.