Daga Cibarakaten zuwa Cibarakaten

Ran Litinin muna darasin labarin ƙasa, sai wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu. Ya ce: «Malam, yayana yana haƙar zinariya a Cibarakaten. Ya ce in ya dace, zai zagaya duniya duka, ya dawo.» Yara suka fashe da dariya. Na ce su yi shiru. Na ɗauko ƙwallon duniya daga saman kabad, na kakkaɓe ƙura, na ce: «To, mu shirya masa tafiyar. Amma da sharaɗi, kuɗinsa kaɗan ne.»

Cibarakaten tana can arewa, cikin jihar Agadas, kusa da iyakar Aljeriya. A shekarar 2014 aka gano zinariya a wurin. Kafin nan duwatsu ne da rairayi. Mutane suka yi ta kwarara daga Damagaram, Maraɗi da Tawa, har da Cadi da Sudan. Ruwan sha ma a mota ake kai musu shi, a sayar da tsada. Wanda ya zauna can ya san darajar jarka guda.

Mun sa yatsa a kan wurin, muka juya ƙwallon a hankali. Yatsa ya bi ta gabas, ya yi ta tafiya, har ya komo inda ya tashi. Da yake duniya a kewaye take, wanda ya miƙe bai juya ba, gidansu zai tarar a gabansa. Tsawon kewayenta a tsakiya ya kai kilomita 40,000. Ayarin raƙuma in ya yi kilomita 40 a yini, sai ya kwana 1,000 yana tafiya, wato kusan shekara uku, ba hutu. Jirgin sama mai gudun kilomita 800 a awa, awa 50 ta ishe shi.

An taɓa yin wannan tafiya tun ba a san jirgin sama ba. A 1519 Majalan ya tashi daga Sifen da jiragen ruwa 5 da mutum fiye da 200. Shi kansa ya mutu a hanya. A 1522 jirgi ɗaya tak ya komo, da mutum 18 a ciki. Yunwa da ciwo da faɗa suka cinye da yawa daga cikinsu. Sun tafi ba su san faɗin tekun da ke gabansu ba. Mu kuwa muna da taswira.

Zangon farko shi ne mafi wuya. Daga Cibarakaten zuwa Arlit wajen kilomita 400 ne, kuma ba kwalta. Motoci sukan taru su yi ayari, soja su raka su saboda ƴan fashi. Kada matafiyi ya ce zai yi gaggawa ya tafi shi kaɗai. Arlit kun san ta: garin yuraniyom ne, an kafa shi a 1969. Kusa da shi akwai Akokan, garin ma'aikatan COMINAK, wadda aka rufe raminta a 2021. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ne. Daga Agadas zuwa Yamai, ta Tawa, wajen 950. Ku tara ku gani: kusan kilomita 1,600 ke nan, alhali ko filin jirgi bai isa ba tukuna.

Wata yarinya ta ce: «Malam, ai Kano ta fi kusa.» Gaskiyarta. Daga Agadas ta Damagaram zuwa Kano bai wuce kilomita 700 ba, kuma akwai babban filin jirgi na Malam Aminu Kano. Sai dai akwai iyaka a tsakani, kuma can naira ake kashewa. Mai neman araha yakan tambayi farashin tikiti a garuruwan biyu kafin ya zaɓa.

Muka shata hanya a allo. Daga Yamai zuwa Adis Ababa ta Habasha. Daga nan zuwa Mumbai ta Indiya. Sai Gwanju ta ƙasar Sin, inda ƴan kasuwarmu ke saro kaya. Sai tekun Pasifik, wanda faɗinsa ya fi dukan tudun duniya in an haɗa shi wuri guda. Jirgi yakan yi fiye da awa 10 a samansa. Sai nahiyar Amurka, sai tekun Atilantika, sai Afirka ta yamma, sai gida. A kan Pasifik akwai abin mamaki. Wanda ya tsallaka shi ya nufi gabas, rana ɗaya sau biyu zai yi ta: ya tashi ran Talata, ya sauka ran Talata. Mutanen Majalan da suka bi ta yamma, da suka dawo sai suka tarar lissafinsu ya yi giɓin kwana guda.

Wasu kamfanonin jiragen sama sun haɗa kai, suna sayar da tikiti guda na zagaya duniya. Yana da ƙa'idodi. Ka bi fuska ɗaya, gabas ko yamma. Ka tsallaka manyan tekunan nan biyu sau ɗaya ɗaya. Ka gama cikin shekara guda, ka sauka a ƙasar da ka tashi. Wani lokaci ya fi araha, wani lokaci kuma sayen tikiti zango zango ya fi. Sai an kwatanta.

Yanzu ga takardu. Ana bukatar fasfo. Ana bukatar katin rigakafin shawara, ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa. Ana bukatar biza, wato izinin shiga ƙasar mutane. Kusan kowace ƙasa da tata bizar, kowace biza da kuɗinta, kuma in an hana ka ba a mayar maka da abin da ka biya. Ta Amurka da ta Turai suna da wuyar samu ƙwarai. Dokoki kuma suna sakewa: a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, aka fito da sabon fasfo na AES. Don haka a fara neman biza kafin a sayi tikiti. Ni a ganina, mai ƙaramin guzuri ƙasa huɗu ko biyar sun ishe shi. Yawan zango, yawan kashe kuɗi.

Mu yi lissafi. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, don mu koyi tsarin. Mu ce tikiti ya ci jaka 2,500. Mu ce fasfo da bizoji da allura sun ci jaka 300. Motar zuwa Yamai da dawowa, jaka 150. Tafiyar kwana 60 ce. In yana kwana a otal yana cin abincin otal, mu ce jaka 15 a yini: 15 sau 60, jaka 900. In kuwa ya sauka wurin ƴan'uwa, yana cin abincin kasuwa, mu ce jaka 8 a yini: jaka 480. Ya tsira da jaka 420 ke nan. Ga inda araha take ɓoye, a cikin ƴan kuɗin da ake kashewa kullum. Hausawa sun daɗe da sanin wannan. Tun zamanin fataucin goro, duk garin da fatake suka je akwai zango, akwai mai masauki. Har yau za ka iske masu jin Hausa a Kumasi, a Jidda, a Gwanju. Amma baƙo na gari yakan aika da saƙo kafin ya zo, ya riƙo ƴar tsaraba, kuma ba ya daɗewa.

Ku tuna sefa ba ta ci a Indiya ko a Sin. Sai an canza. Yuro ɗaya tamma 656 ne, wato jaka ɗaya ta ɗan haura yuro ɗaya da rabi. Duk canjin da aka yi, mai canji yana cire nasa. A rage yawan canji.

Lokaci ma yana da farashi. Tikiti yakan yi tsada a ƙarshen Disamba da lokacin babban hutu. A Mumbai damina tana sauka kamar da bakin ƙwarya daga Yuni zuwa Satumba. A arewacin Amurka kuwa, Janairu ƙanƙara ce, rigar sanyinmu ta hunturu ba ta yin komai.

Akwai darasi guda da madugan Abzin suka fi kowa sani. Ayarin gishiri yakan tashi da sanyi, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. A hanya ba ciyawa. Sai su ɗauro wa raƙuma dammunan ciyawa tun daga gida. Suna tafiya suna ajiye wasu a zango, don ranar dawowa. Matafiyinmu shi ma haka zai yi. Kuɗin mota daga Yamai zuwa gida ya ware su daban, kada ya taɓa. Ya ƙara kashi ɗaya cikin goma na dukan guzurin saboda ciwo ko ɓatan kaya. Kafin duk wannan kuma, ya bar wa gida hatsin da zai kai su har ya dawo.

Kakanninmu da ba su da kuɗi suna da tasu dabara. Mahajjata sukan tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Darfur, har Suwakin a bakin Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi noma, ko tsinkar auduga a Jazira, su tara, su ƙara gaba. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. A zamanin nan bizar baƙo ba ta ba mutum damar yin aiki. Ita wannan hanya kuma, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa ta zama mai hatsari.

Yaron nan ya sake ɗaga hannu. Ya ce: «Malam, ai wasu ba sa yin takarda. Mota kawai suke shiga a Arlit, da dare, kuɗi kaɗan.» Na daɗe ban amsa ba. Sa'an nan na gaya musu abin da ya faru a Oktoban 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya ta ɓarauniyar hanya. Suka lalace a cikin hamada. Ruwa ya ƙare. Aka tsinci gawar mutum 92, mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga Kance suka fito. Cikin yaran akwai sa'o'inku. Aji ya yi tsit.

Da muka tara lissafinmu, tare da kashi ɗaya cikin goma, sai ya tashi jaka 3,773. Yaron ya kwafe shi tsaf a littafinsa. Ya ce zai ba direban motar ruwa ya kai wa yayansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa motoci ke yin ayari tsakanin Cibarakaten da Arlit?
2. Mutum yana yin kilomita 25 a yini da ƙafa. Kwana nawa zai yi kafin ya cika kilomita 40,000?
3. In matafiyinmu ya kwana a otal dukan tafiyar, jaka nawa lissafin zai tashi? Kada ku manta da kashi ɗaya cikin goma.
4. Me ya sa ake neman biza kafin a sayi tikiti?

Aikin gida: ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku tafiya mafi nisa da ya taɓa yi. Wane guzuri ya riƙa, kwana nawa ya yi, wa ya sauke shi? Ku rubuta amsar da Hausa, sa'an nan ku rubuta sunayen garuruwan da Faransanci, ku nemo su a taswira.