Idan Valgrind ya yi ƙorafi, kar a yi saurin goge layi

Aikina rubuta manhaja ne a Gusau, kuma a gefe ina shirya wa ɗalibai kayan koyon yaren C a tsofaffin kwamfutocin da muke ɗora wa Debian ko Ubuntu. Wasu daga Jami'ar Tarayya ta Gusau suke, wasu kuma daga Tsafe da Bungudu suke shigowa, inda sau da yawa sabis ba ya isa a sauke babban fayil. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, ya san dalilin da ya sa muke tara kayan aikinmu a filashi.

Cikin kayan akwai Valgrind, wanda Julian Seward ya fitar a 2002. Yaren C ba ya tsare maka ƙwaƙwalwar kwamfuta: kai za ka nemi wuri, kai za ka mayar da shi idan ka gama. In ka manta, manhajar ta yi ta cin wuri har na'ura ta gaji. In ka karanta wurin da ba ka taɓa zuba komai a ciki ba, yau ta yi aiki, gobe ta faɗi. Valgrind yakan bi manhajar taki-taki ya nuna maka layin da ɓarnar take. Yana da nauyi dai, manhaja takan yi jinkiri ninki goma ko fiye a ƙarƙashinsa, don haka a tsohuwar kwamfuta sai da haƙuri.

Wanda zai kwafi Valgrind zuwa wurin da babu intanet ya lura da abu ɗaya. A Debian yana buƙatar ƙunshin libc6-dbg, kuma dole lambar wannan ƙunshin ta yi daidai da ta libc6 ɗin da ke kan kwamfutar da za a kai wa. In sun saɓa, na'urar za ta ƙi karɓa. A duba lambar tun kafin a hau mota, ko a yi amfani da apt-offline ya tattaro abin da waccan kwamfutar take buƙata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ɗalibi yake yi idan gargaɗi ya cika masa allo. Yawanci burinsa kawai allon ya yi shiru.

Irin wannan burin ya taɓa jawo ɓarna. A 2006 mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya ga Valgrind yana ƙorafi a kan sashen da ke samar da lambobin da ba a iya hasashensu, waɗanda da su ake ƙera makullan sirri. Ƙorafin gaskiya ne, domin masu OpenSSL da gangan suke cakuɗa abin da suka tarar a ƙwaƙwalwa cikin lissafin. Sai ya cire layi biyu. Ɗaya bai da wata illa. Ɗayan kuwa ta nan duk wani ingantaccen cakuɗe yake shiga. Da ya tafi, abin da ya rage shi ne lambar da na'ura take ba kowane aiki, wadda a lokacin ba ta wuce 32,768 ba. Ma'ana, ɓarawo zai iya ƙera dukkan makullan da za su iya fitowa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka aka zauna har watan Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya gano. Ubuntu ma ta gaji matsalar, tunda daga Debian take ɗibar ƙunshinta, kuma sai da aka sake ƙera makullai a duniya baki ɗaya.

Mai kula da ƙunshin nan ba sakarai ba ne, har ya tambayi masu OpenSSL kafin ya taɓa, sai dai tambayar da amsar ba su fito fili ba. A ganina nan ne kuskuren yake: mai haɗa ƙunshi yana tsakanin marubucin manhaja da miliyoyin masu amfani da ita, kamar dillali a kasuwar hatsi, kuma abin da ya taɓa a buhun shi zai isa kowane gida.

Haka nan yin watsi da gargaɗin ma haɗari ne. A Maris ɗin 2024 Andres Freund ya bankaɗo ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar xz, kuma ƙorafin Valgrind da ba a gane kansa ba yana cikin alamun da suka ja hankalinsa.

Don haka ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. In manhajarka ce, gyara ta. In ta wani ce kake haɗawa, kuma ka tabbatar ƙorafin ba shi da illa, Valgrind yana karɓar fayil na musamman da za ka lissafa masa gargaɗin da zai daina nunawa, ba tare da ka taɓa layi ko ɗaya ba. In kuwa lallai sai an canza layin, aika ainihin canjin ga masu manhajar, ka faɗa musu ƙarara cewa a ƙunshin da jama'a za su sauke za ka saka shi, sannan ka jira amsarsu.