Baƙaƙen Ado Da Wurin Da Ya Dace Da Su

Kowa ya san rigar salla dabam take da rigar zuwa gona. To, haka baƙaƙen ɗab'i suke. Waɗansu an yi su don a karanta da sauri, waɗansu kuwa don su ƙawata takarda. Na biyun nan su ne darasinmu na yau, watau baƙaƙen da aka sifanta su da rubutun hannun gwanayen alƙalami.

Asalin yawancinsu daga marubutan Ingila ne. Suna fiƙe gashin tsuntsu ya yi tsini, in za su ja layi ƙasa su danna, ya fito da kauri, in za su hau sama su sassauta, ya fito siriri. Wani mai suna George Bickham ya tattara rubutun gwanayen zamaninsa, ya sassaƙa a kan faranti na jan ƙarfe, aka buga a Landan daga 1733 zuwa 1741. A Amurka kuma Platt Rogers Spencer ya koyar da nasa salon, shi ne irin wanda muke gani a sunan Coca-Cola.

Mayar da wannan rubutu baƙaƙen ɗab'i ya yi wuya ƙwarai, gama a dā kowane baƙi yana kan ɗan guntun darma nasa, sai a riƙa ganin tsaga a mahaɗar baƙaƙe. Da aka fara shirya ɗab'i da hoto sai hanya ta buɗe. A 1966 Matthew Carter ya fitar da irin da ake kira Snell Roundhand, a 1998 kuma Zapfino na Hermann Zapf, Bajamushe, ya fito. Yau duka suna cikin kwamfuta.

Amma samun abu ba shi ne iya shi ba. Ga dokoki huɗu da za mu riƙe. Ta fari, mu sa baƙaƙen ado a kan suna, ko kan magana, ko katin gayyatar biki, ko takardar shaida. Dogon bayani, da kwanan wata, da wurin taro, a rubuta su da baƙaƙe sosai. Ta biyu, kada mu jera manyan baƙaƙe zalla, zama jelolinsu suna sarƙewa, har kalmar ta gagari mai karatu. Ta uku, kada mu ƙanƙanta su, don siraran layukan sukan ɓace a wurin bugu, kada kuma mu ware su da juna, gama a haɗe aka halicce su. Ta huɗu tamu ce mu masu Hausa: mu duba ko irin da muka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa ba su da su, sai ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki.

Alarammominmu sun riga mu gane wannan. In sun rubuta Alƙur'ani, zayyana a wurare irin su farkon littafi da alamun hizifi take tsayawa, ayoyi kuwa a bar su sarai don mai karatu. Mu da za mu koyar da yara, mu yi koyi da su. Takardar da ta burge ido amma aka kasa karanta ta, an yi asarar tawada ke nan.

Allah ya sa mu gane.