Darasi Na Sha Huɗu: Tsara Hotuna A Waya Da Kwamfuta

Ɗalibi, a ce gidanku yana unguwar Herwagana a cikin garin Gombe. Wata rana da yamma kakarka ta kira ka, ta ce ka nemo mata hoton marigayi kakanka, wanda aka ɗauka ranar sunan ƙanwarka. Ka tabbata hoton yana cikin wayar yayanka. Amma wayar cike take da hotuna: na biki, na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gombe, na takardun makaranta, da na gaisuwar Juma'a da ake turowa ta WhatsApp. Kuka yi ta dubawa har aka kira sallar magariba, ba ku gan shi ba. Hoton yana nan, amma rashin tsari ya ɓoye shi.

Da farko ka sani cewa kowane hoto yana ɗauke da bayani a cikinsa, wanda ido ba ya gani. Idan ka ɗauki hoto, waya tana rubuta rana da lokaci da irin wayar. Wani lokaci har wurin da ka tsaya take rubutawa. Sunan wannan bayani EXIF. Manhajar tsara hotuna, irin su Google Photos a waya ko digiKam a kwamfuta, tana karanta shi, ta jera hotuna daga na farko zuwa na ƙarshe.

Sai dai akwai matsala. WhatsApp yana rage girman hoto, yana kuma cire wannan bayani. Dubi suna irin wannan: IMG-20240412-WA0007. Lambobin tsakiya suna nufin 12 ga Afrilu, 2024. Ranar da hoton ya shigo wayarka ke nan, ko da an ɗauke shi shekara goma da suka wuce. Saboda haka idan hoto yana da daraja a wurinka, ka roƙi mai shi ya turo maka shi a matsayin takarda, ko ka kwafe shi kai tsaye daga wayarsa.

Aikin tsarawa yana farawa da shara. Ka goge hotunan da suka yi dishi-dishi da waɗanda aka maimaita. Sauran kuma ka zuba su cikin jakunkuna, wato folda-folda. Sunan kowace jaka ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan abin da ya faru. Misali: 2024-04-10 Ƙaramar Salla. Me ya sa shekara take zuwa gaba? Domin kwamfuta tana jera sunaye ne daga harafi ko lambar farko. Idan ka fara da sunan wata, Disamba za ta riga Janairu, kuma salla ta bana za ta cakuɗe da ta bara.

Jaka kaɗai ba ta isa ba. Hoton kakanka yana cikin jakar suna, amma kai ba ka tuna shekarar ba. A nan ne laƙabi yake da amfani. Laƙabi kalma ce da kake maƙala wa hoto a cikin manhaja. Hoto yana zama a jaka ɗaya, amma yana iya ɗaukar laƙabi da yawa: Kaka, Suna, Herwagana. Da zarar ka rubuta “Kaka” a wurin nema, duk hotunansa za su fito, ko a wace jaka suke. Manhajar digiKam kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma iya gane fuskoki. Takan yi kuskure tsakanin 'yan'uwa masu kama, don haka ka duba da idonka kafin ka yarda da ita.

Tsofaffin hotunan kati da suke cikin akwatin kakarka su ma za ka iya ɗaukarsu da waya. Amma waya za ta ba su ranar yau. Ka zauna da ita, ka tambaye ta shekara da sunayen mutanen da suke ciki, ka rubuta tun tana iya tunawa.

Saura ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, memori kuma yana lalacewa. Ka ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta ko filashi, ɗaya kuma a intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive suna ci daga ciki. Kada ka goge hoto daga waya sai ka buɗe kwafinsa ka gan shi.

Tambayoyi

1. Wane bayani waya take rubutawa a cikin hoto?
2. Me ya bambanta jaka da laƙabi?
3. An kafa Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996. Rubuta sunan jakar da za ka zuba hotunan wannan rana.
4. Yi jimla da kowace kalma: marigayi, dishi-dishi, maƙala, cakuɗe.