Guzurin Alhaji a Jirgin Sama



'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, duk shekara idan Zulƙida ta kama, gidajen Alajo, Nima da Maamobi sukan cika da masu sallama da maniyyata. Wannan ya kawo shito, wancan goro, wata kuma robar sobolo. Niyya mai kyau ce, amma da yawa daga kayan nan ba sa wuce wurin bincike a filin jirgi. Shi ya sa mu 'yan aji muka zaɓi darasin guzuri a bana.

Guzuri dai umarni ne. Aya ta 197 a Suratul Baƙara ta yi maganarsa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan fita Hajji hannu sake, wai tawakkali suke yi, idan sun isa Makka kuma sai roƙo. A kansu ayar ta sauka. Kakanninmu da suka bi ta Kano da Sudan a ƙasa sun yi watanni, wasu shekaru, a hanya. Yau awowi ne, amma ciki bai canza ba. Maniyyaci zai zauna jira a Hajj Village, ya yi layin awon kaya, ya yi na fasfo, a can ma wani layin na jiran sa. Tsohuwa mai ciwon suga ba za ta iya zama har sai an raba abincin jirgi ba. Jiri zai iya kayar da ita.

To, me za a sa mata a jakar hannu? Busasshen abu, kaɗan, wanda ba ya lalacewa. Dabino bakwai ko goma a ƙaramar leda. Soyayyar gyaɗa marar gishiri, ƙulikuli ga mai haƙori, aya, ɗan dakuwa, da busasshen biskit. Gyaɗa tana riƙe ciki, dabino yana ɗaga suga idan ya faɗi. Mai ciwon suga dai ya tambayi likita yawan da zai ci, kar a ce tunda sunna ne a cinye leda guda. Ayaba da lemo ma suna da kyau, amma a cinye su kafin a sauka.

Sai abin da za a bari a gida. Doka a filayen jirgi ita ce, duk abu mai ruwa a jakar hannu kar mazubinsa ya wuce mililita 100. Koko, burkina, fura da nono, sobolo, har shito da zuma, duk sun shiga ciki. Wuƙar yanka lemo ma za a ƙwace. Goro kuwa, hukumomin alhazai suna ta gargaɗi a kansa kowace shekara, don Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Mun san raba Baba da goro sai an sha fama, amma gara ɓacin ransa a gida da a tsare shi a Jidda.

Akwai kuma abin da doka ba ta hana ba, jiki ne ba ya so. Idan jirgi ya yi sama, iskar cikin mutum tana kumbura. Wanda ya cika tumbinsa da waakye ko ƙosai, ya bi da lemon kwalba mai gas, zai ji a jikinsa. Abu mai gishiri sosai yana ƙara ƙishi, ga masu hawan jini kuma ba sai an faɗa ba.

Iskar jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, don haka ruwa ya fi komai. Tsofaffinmu da yawa suna ƙin sha wai don kar su je bayin jirgi. Mu zauna mu yi musu bayanin yadda ake buɗe ƙofar da yadda ake kora ruwa. Bayan an wuce bincike ana iya sayen ruwa, a jirgi kuma a roƙi ma'aikata, ba abin kunya ba ne.

Magani ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada a sa shi a babbar jaka, don tana iya makara. Sannan kada Hajiya ta karɓi ƙullin kowa a ce ta kai wa wani a Makka, ko na maƙwabci ne, sai an buɗe ta gani da idonta.

Wannan aikinmu ne, mu da muka iya karatu. Daren tafiya mu zauna da Kaka mu zazzage jakarta, mu ware abin da zai wuce da wanda zai zauna. Shiton nan ba zai ɓace ba, idan ta dawo za mu ci tare da ita.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya ba su Hajji karɓaɓɓe. Mu ma Allah ya kira mu. Amin.